Wuta, Toka da Kabari: Darasi ga Mai Bi a Kan Tunawa da Matattu

Ya mai karatu, a ƙasarmu idan mutum ya rasu a kan haƙa masa kabari, a kwantar da shi cikin ƙasa, kakanninmu kuwa ba su san wata hanya ba sai wannan. Amma yanzu 'ya'yanmu da 'yan'uwanmu da yawa suna zaune a Ingila da Amurka, waɗansu domin karatu, waɗansu domin aikin asibiti, mutuwa kuma rigar kowa ce, ba ta tambayar mutum garinsu. A ƙasashen nan an saba ƙone gawa. A Ingila, cikin kowane mutum 4 da suka mutu, fiye da 3 ƙone su a ke yi. A Amurka sun haura rabi. A Japan kusan duka. Saboda haka wata rana saƙo ya iya iske ka da dare, a ce ɗan'uwanka ya cika a can, ɗauko gawa cikin jirgin sama kuɗi ne mai nauyi, kabari a can da tsada, ana jiran amsarka. Gwamma ka yi tunanin wannan yau, tun zuciyarka tana kwance.

Da fari, kada ka ji kunyar kuka. Ibrahim ya yi makoki domin Saratu. Ubangijinmu Yesu kansa ya zub da hawaye a Betanya domin Li'azaru, ko da ya ke ya sani zai tashe shi a ranar nan. Wanda ya ce maka hawaye rashin bangaskiya ne, bai karanta da kyau ba. Sai dai kada ka yanke shawara a daren farko. Ka kira dattijon gidanku da mai wa'azinku, ku ji bakin gwauruwar tukuna, gama ita ce za ta zauna da abin da aka yi har ƙarshen ranta.

Binnewa ita ce al'adar mutanen Allah tun daga farko. Ibrahim baƙo ne a ƙasar Kan'ana, ba shi da ko taki ɗaya, abin da ya fara saye kuwa kabari ne: ya auna wa Efron Bahitte shekel 400 na azurfa domin kogon Makfela, kusa da Hebron. Yusufu ya rantsar da 'yan'uwansa a kan ƙasusuwansa, aka ɗauke su daga Masar, aka bi da su cikin jeji shekara 40, aka binne su a Shekem. Ubangiji kuma an kwantar da shi cikin sabon kabari na dutse. Domin wannan, idan da hali, ka binne naka; shi ne ya fi kama da shuka iri, wanda manzo Bulus ya yi misali da shi.

Amma idan babu hali fa? Ko kuwa an riga an ƙone shi kafin ka ji? A nan ne tsoro ya kan kama zukata, har uwa ta kasa barci tana cewa ɗanta ba zai tashi ba. Ka ji abin da ya faru a birnin Liyon, cikin ƙasar da a ke kira Faransa yanzu, a shekara ta 177. An kashe masu bi da yawa saboda sunan Almasihu, aka bar gawawwakinsu a fili kwana 6 da matsara, sa'an nan aka ƙone su, aka share tokar cikin kogin Ron. Masu tsanantawa sun yi haka da gangan, suna tsammani in babu jiki babu tashi. Ikilisiya ta yi baƙin ciki ƙwarai da ta rasa abin binnewa, amma ba ta taɓa cewa shahidan nan sun ɓace wa Allah ba. Ka duba kuma, wanda ke cikin kabari gara da damina suna mai da shi ƙura cikin shekaru. Wuta tana yin aikin nan cikin sa'a 2. Wanda ya yi mutum daga turɓaya, toka za ta gagare shi? Ka tuna da mutanen Yabesh-gileyad, waɗanda suka yi tafiya dukan dare, suka sauko da gawar sarki Saul da 'ya'yansa daga garun birni, suka ƙone su, suka binne ƙasusuwan a gindin wani itace, suka yi azumi kwana 7. Dawuda bai tsauta musu ba, albarka ya sa musu.

Ikilisiyoyi ba su zama da baki ɗaya a kan wannan ba. A Ingila an kafa ƙungiyar masu neman ƙona gawa a 1874, aka fara yi a garin Wokin a 1885, aka yi doka a kansa a 1902. Ikilisiyar Katolika ta hana shi a 1886, ta sassauta a 1963. Ikilisiyoyin Otodoks na gabas har yanzu ba su yarda ba. Maƙwabtanmu Musulmi kuma haram ne gare su. Idan mamacin Musulmi ne, ko da ɗan'uwanka ne na jini, kada ka sa hannu a ƙone shi, ka nemi jama'arsa su yi masa sutura. Haka kuma idan mutum ya bar wasiyya a binne shi, kada ka karya ta domin sauƙin kuɗi kaɗai.

Yanzu ga tambayar da ta fi wuya, wadda mutanenmu ba su shirya mata ba: me za a yi da abin da ya rage? A kan sa akwatin gawa cikin tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 1000, alhali ruwa kan tafasa a 100. Abin da ya saura ƙasusuwa ne, a kan niƙa su, su zama kamar rairayi mai fari-fari, nauyin kilo 2 ko 3 ga babban mutum. A zuba cikin tulu ko ƙaramin akwati, a miƙa maka. Ka lura da kyau: ƙasusuwan ɗan'uwanka ne ke hannunka.

Sa'an nan 'yan kasuwa za su zo da takardunsu masu zane. Wani zai ce a sa kaɗan cikin zobe ko sarƙar wuya, wani a narka shi cikin gilashi, wani a mai da shi lu'ulu'u, wani ma a harba shi sama cikin wasan wuta. Suna da taushin murya, sun kuma san mai makoki ba ya ciniki. Ba na cewa wanda ya yi haka mugu ne, gama ƙauna ce ta sa shi. Amma zobe ya kan ɓata, tulun da ke bisa tebur ya kan koma ƙarƙashin gado, in wanda ya san shi ya mutu, jikoki su rasa yadda za su yi da shi. Banda haka, a ƙasar da a ke rataya laya, ƙashin mamaci a wuya ba ya daɗewa bai zama laya ba. Ikilisiyar Katolika ta ba da umarni a 2016 cewa a ajiye toka a wuri mai tsarki, kada a watsar, kada a raba, kada a yi abin ado da ita. Ko kai ba ɗanta ba ne, akwai hikima cikin wannan.

Ka ba shi wuri ɗaya, da suna a kai. A Ingila filayen kaburbura na majami'u suna da ƙananan ramuka domin toka, da ɗan dutse a bisa. Akwai kuma bango mai ƙananan tagogi, kowace da tulu ɗaya. Sunansa a bakin Romawa daga ɗakin tattabaru aka ɗauko shi, in ka gan shi za ka gane dalili. Akwai littafin tunawa, mai shafi domin kowace rana ta shekara, a kan buɗe shi ran da mutum ya rasu. Ko kuwa a kawo tulun gida, da takardar shaidar mutuwa da ta ƙonawa, a haƙa masa rami kusa da iyayensa, a yi addu'a kamar yadda a ke yi wa kowane mai bi.

Mutanen Laberiya sun koyi amfanin wuri da hawaye. A 2014, lokacin annobar Ibola, gwamnati ta umarta a ƙone gawawwaki a Monrobiya domin tsare masu rai. A ƙasar nan kuwa suna da rana cikin watan Maris da kowa ke zuwa ya share kabarin danginsa. Da ranar ta zo, dubbai ba su da inda za su tsaya. Abin ya yi musu ciwo ƙwarai, aka kwashe ƙasusuwan zuwa wata sabuwar maƙabarta a 2015.

Amma ka yi hankali da girman kai. Yakubu ya kafa al'amudi bisa kabarin Rahila domin ƙauna; Absalom ya kafa wa kansa domin suna. Dutsen da aka ci bashi aka saya, alhali marayu sun bar makaranta, na Absalom ne ko da an rubuta aya a kai. Suna, shekarar haihuwa, shekarar rasuwa, sun isa. Ka sa a rubuta su kuma cikin littafin ikilisiyarku, tare da inda aka binne shi, domin yaran da aka haifa a baƙuwar ƙasa su san inda za su tambaya.

Kwanakin zaman makoki gida ya kan cika, tabarmi har waje. Bayan wata 2 sai tsit, a lokacin ne kuwa gwauruwa ta kan fara jin nauyin abin da ya same ta. Zumunta a ƙafa ta ke. Ka rubuta ranar a inda za ka gani, ka tafi ka gaishe ta, ko ka kira ta in tana nesa. Kada ka ji tsoron ambaton sunan mijinta a gabanta, gama ba ta manta ba, tsoronta shi ne ku kun manta. Ka gaya wa 'ya'yansa yadda ya ke dariya, da gonar da ya noma yana yaro, da waƙar da ya fi so a majami'a. Ka tambayi kuma ko an biya kuɗin makarantar zangon nan.