Yadda Ake Yin Roƙo a Gaban Allah Domin Wani

Idan mutum ya yi wa sarki laifi, ba kowa ake turawa ya je ba da haƙuri ba. Ana neman wanda sarki ke ganin girmansa, wanda shi kansa ba shi da wata rigima da fada. Mai bi da ke so ya tsaya a gaban Allah domin ɗansa, ko maƙwabcinsa, ko garinsu, ya riƙe wannan kafin ya buɗe baki. Ba a yi wa Allah dole, ba a kuma sayensa da ihu. Shi da kansa ya ba bayinsa masu biyayya izinin su roƙe shi domin wasu, kuma yana saurare.

Da farko, ka gyara tsakaninka da Allah da mutane. Zabura 66:18 ta nuna cewa wanda ya ɓoye mugunta a zuciya, Ubangiji ba ya jinsa. A Markus 11:25 kuma Yesu ya haɗa addu'a da yafewa. Saboda haka idan kana riƙe da wani a rai, ko akwai bashin da kake ta yi wa mai shi hanya-hanya, nan aikin zai soma. Dubi Ayuba. Abokansa uku sun yi ta caccakarsa yana cikin ciwo, amma a sura ta 42 Allah ya tura su wurinsa domin ya yi musu addu'a, kuma sai da ya yi ta sannan aka mayar masa da arzikinsa ninki biyu.

Na biyu, ka san wanda kake roƙo dominsa da abin da ke damunsa. Nemi ɗan littafin rubutu, ka sa suna, da bukata, da ranar da ka fara. Biyar da za ka riƙe da gaske sun fi hamsin da za ka bi a guje. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa, ko da ba zai yi daɗi ba. Sau da yawa a taron addu'a, ko na zumuntar mata ko na matasa, wani zai miƙe ya ce, "'Yan'uwa, mu tuna da gidan wane," sai ya kwashe minti goma yana zayyana abin da miji ya ce da abin da mata ta mayar, addu'ar kuwa ba ta kai minti ɗaya ba. Wannan gulma ce. Sirrin da aka ba ka, ka kai wa Allah shi kaɗai. Idan za ka faɗa a taro, nemi izinin mai shi tukuna.

Na uku shi ne zuciyar al'amarin: ka kafa roƙonka a kan halin Allah da alkawarinsa. A Farawa 18, da Ibrahim ya ji abin da zai sami Saduma, bai tsaya yana wanke mutanen garin ba, domin ya san halinsu. Adalcin Allah ya kama, yana tambaya ko za a hallaka mai adalci tare da mugu. Ya fara da mutum 50, ya sauko 45, 40, 30, 20, har 10, yana ta neman gafara don ƙarfin halin da ya yi, yana kiran kansa ƙura da toka. Musa ma haka ya yi a Fitowa 32, lokacin da jama'a suka ƙera ɗan maraƙin zinariya. Ya tuna wa Allah rantsuwarsa ga Ibrahim da Ishaku da Isra'ila, ya kuma kawo maganar abin da Masarawa za su ce game da sunansa, sai Allah ya janye hukuncin. Wanda ba ya karatun Littafi Mai Tsarki ba zai iya irin wannan roƙo ba, don bai san abin da aka alkawarta ba balle ya kama. Kafin ka durƙusa, nemo aya ɗaya da ta dace da bukatar, ka karanta, sannan ka yi magana a kanta.

Sai ka sa kanka cikin laifin. Daniyel mutumin kirki ne, amma a sura ta 9 ta littafinsa ya haɗa kansa da jama'arsa wajen furta zunubi. Mai roƙo domin ɗa mashayi, ko domin shugabanni kamar yadda 1 Timoti 2 ta umarta, kada ya tsaya kamar mai gabatar da ƙara.

Bayan haka, naci. Ware lokaci tsayayye, ko da minti goma sha biyar ne da asuba kafin gida ya tashi, ka ajiye waya nesa. Idan lafiyarka ta yarda, haɗa da azumi. Mai ciwon suga ko mai juna biyu ya fara jin ta bakin likita. Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima, ya yi kusan wata huɗu yana roƙo kafin ya sami damar yi wa sarki magana. Monika, mutumiyar Arewacin Afirka, ta shafe shekaru tana kuka domin ɗanta Agustin, har aka yi masa baftisma a birnin Milan a shekara ta 387. Ka lura kuma, Nehemiyan da ya yi roƙon shi ne ya je ya gina garun. Idan kana roƙa wa gwauruwa abinci alhali akwai masara a rumbunka, ɗebi ka kai mata.

Nemi abokin addu'a ɗaya ko biyu masu riƙon amana. A Ayyukan Manzanni 12, ikilisiya ta taru a gidan Maryamu tana roƙo domin Bitrus da ke kurkuku. Da ya fito daga kurkukun ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar gidan, Roda, ta sheƙa ta faɗa musu, suka ce ta zautu. Ashe bangaskiyarsu ba ta cika ba, duk da haka an amsa. Amma a farkon wannan surar ne Hirudus ya sa aka kashe manzo Yakubu. Dawuda ya yi azumi domin jaririnsa, yaron ya rasu a rana ta bakwai. Saduma ta ƙone, ko da yake an fid da Lutu saboda Ibrahim. Don haka idan amsa ta zo dabam, kada ka ɗora wa mara lafiya laifin rashin bangaskiya, kada kuma ka kwashi kuɗinka ka kai wa mai cewa addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ɗauki biro yau da dare ka rubuta suna uku, ka tabbata ɗaya daga ciki na wanda ya ɓata maka rai ne.