Aladun Daji Sun Addabi Gonata a Texas

Tambaya: Malam, ina noman masara a jihar Texas ta Amurka. Aladun daji na tone min gona kowane dare. Na harbe biyu, abin bai ragu ba. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da fama. Harbin ɗai-ɗai ba ya rage su, domin cikin aladiya bai kai wata huɗu ba, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Sai ka kama garken gaba ɗaya.

Ka kafa kewayen ƙarfe mai faɗi a hanyarsu, mai ƙofa guda. Kada ka ɗana shi nan take. Ka riƙa zuba masara ciki, ƙofa a buɗe, har su saba. Nan ne mutane ke gaggawa su yi asara: wanda ya tsira daga tarko da wuya ya sake shiga, wayonsu ya fi yadda ake zato. Sa kyamara ka ƙirga su. Daren da duka suka shiga, ka saki ƙofa.

Tun 2019, Texas ba ta neman lasisin farautarsu a filin mutum idan mai filin ya yarda. Ka sa safar hannu kafin ka taɓa gawarsu, suna ɗauke da cututtuka.