Fim ɗin The Lost Boys: Na Ban Tsoro Ne Ko Na Ban Dariya?

Wani matashi daga cikin masu karatunmu ya aiko da tambaya. Ya ce yayansa ya ba shi labarin wani tsohon fim ɗin Amurka mai suna The Lost Boys, wai na mayu ne, amma kuma ana kallo ana ƙyaƙyata dariya. Ta yaya fim ɗaya zai haɗa tsoro da dariya? Kuma da yake ya kwana biyu, ya cancanci a ɓata lokaci a kansa?

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Yayanka ya kusa daidai, sai dai ba mayu ba ne. Maye a wurinmu mutum ne mai rai da ake cewa yana kama kurwa. Na cikin fim ɗin kuwa bamfaya ake ce musu, wato a almarar Gabashin Turai matattu ne da ke tashi da dare suna shan jinin masu rai. Littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, shi ya yayata su a duniya.

Fim ɗin ya fito a 1987, Joel Schumacher ne ya ba da umarni. Wata mata ce, Lucy, aurenta ya mutu, ta kwashi 'ya'yanta biyu, Michael da ƙanensa Sam, daga Phoenix ta koma gidan mahaifinta a Santa Carla, garin da aka ƙirƙira aka ɗauki hotonsa a Santa Cruz ta jihar Kalifoniya. Michael ya ƙyalla ido ya ga wata yarinya, ya bi ta, sai ya faɗa hannun wasu samari 'yan babur, waɗanda ashe bamfaya ne, jagoransu David, rawar da Kiefer Sutherland ya taka.

Ga inda tsoron yake, kuma a ganina nan ne gwanintar fim ɗin. A cikin kogonsu David ya miƙa wa Michael shinkafa, yana cikin ci ya ce masa ai tsutsotsi yake ci. Ya duba, ga tsutsotsi na motsi. Ya sake dubawa, shinkafa ce. Aka yi masa haka da taliya, ta koma tana. To da aka miƙo kwalba, yarinyar ta gargaɗe shi cewa jini ne, sai ya ɗauka wata zolayar ce, ya kafa kai ya sha. Ka ga ba wanda ya danne shi, ba wanda ya cije shi. Kunyar kada a ce masa matsoraci ce ta kai shi. Duk wanda ya taɓa ganin yaron kirki ya faɗa cikin miyagun abokai, gabansa zai faɗi a wannan wurin.

Dariyar kuwa tana wajen ƙananan. Sam, wato Corey Haim, da ya lura hoton yayansa ya fara dusashewa a madubi, alamar yana zama bamfaya, barazanar da ta fara zo masa ita ce zai faɗa wa mahaifiyarsu. Ga kuma wasu 'yan'uwa biyu, Edgar da Alan Frog, masu tsaron shagon littattafan zane, sun murtuke fuska kamar sojojin da suka ga jiya suka ga yau, alhali duk iliminsu na farautar bamfaya daga littattafan nan ne. Sun kutsa coci ana tsakiyar baftisma suka ɗebi ruwan tsarki, suka ɗura a bindigar ruwa ta wasan yara, suka cika bahon wanka da shi da tafarnuwa. Ba sa wasa ko kaɗan, shi ya sa suke ba da dariya.

Haɗin nan ba baƙo ba ne a gare mu. A tatsuniya ma Dodo na sa yara su maƙale juna, Gizo ya shigo su fashe da dariya, a zama ɗaya. Dariya na sa mai kallo ya saki jiki, daga nan tsoron da zai biyo baya ya fi kama shi.

Batun tsufa, gaskiya askin da tufafin da kiɗan duk na shekarun 1980 ne, kuma wanda ya saba da fina-finan tsoro na yau ba zai kasa barci ba. Amma labarin ba ya jan ƙafa, bai kai awa biyu ba, kuma akwai wani sirri game da ainihin shugaban masu shan jinin da ba zan ɓata maka ba. An kashe kusan dala miliyan 8.5 wajen shirya shi, ya samo sama da miliyan 32.

Ka kalle shi, zai nishaɗantar da kai. Sai dai kada ka zaunar da ƙannenka ƙanana, domin akwai jini sosai a ƙarshe, kuma a Amurka ma an sa shi a rukunin fina-finan manya. An yi masa ci gaba a 2008 da 2010, amma ba su kama ƙafar na farkon ba, don haka da na 1987 za ka fara.