Darasin Kiwo: Gara, Abincin 'Yan Zabi

Da damina, a ƙauyukan Argungu da Birnin Kebbi, akan sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe cikin kwana 28. Raya su ne aiki, domin tsaki kaɗai ba ya gina musu jiki. Gara tana cike wannan giɓin.

Ku samu tsohuwar tukunya, ku cika ta da busasshen kashin shanu da karan dawa. Ku yayyafa ruwa, ku kife ta a bakin suri da yamma. Da sassafe ku ɗauke, ku zazzage musu.

Ku tsince zago mai babban kai, yana cizon su a maƙogwaro. Kada ku ɗebo gara inda aka fesa maganin ƙwari, guba ce.