Ba gangan Baba yake yi ba

Anti, surukina ya haura shekara 70. Kwanakin nan fitsari na kufce masa kafin ya kai bayi, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, ga yawan mantuwa. Maigidana ya ce tsufa ne. Ni kuwa wanki ya ishe ni, har na fara rage masa ruwan sha. Ko masallaci ya daina zuwa. Ina mafita?
Wata matar aure, Zariya

'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Amma zancen rage ruwan nan, ki bar shi daga yau. Ƙishi na jawo ciwon mafitsara, ya ƙara rikita tsoho. Kina jin nauyin wanki. Shi kin san abin da yake ji? Dattijon da ya aurar da 'ya'ya, yau surukarsa ce ke ɗauke masa shimfiɗa. Kunyar nan ce ta zaunar da shi a ɗaki.

Ki gaya wa maigidan naki, likitan gida, cewa abubuwa ukun da kika lissafa, idan suka haɗu a jikin wanda ya wuce 60, likitoci kan yi zargin taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Wani likita ɗan Kolombiya, Salomón Hakim, shi da abokan aikinsa suka bayyana cutar a 1965. Ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa ne ke taruwa a kogunanta, su buɗe, su danne jijiyoyin da ke sarrafa ƙafa da mafitsara. Sai ki ga mutum na tafiya kamar an liƙe tafinsa da ƙasa, fitsari ya matso shi farat ɗaya, ƙafar kuma ta ƙi sauri.

Ban ce ita ce ba. Ciwon suga da kumburin furostet da wasu magungunan hawan jini duk suna sa yawan fitsari. Ku kai shi asibitin koyarwa, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, CT ko MRI. Akan zuƙi ruwa mililita 30 zuwa 50 ta gadon baya, a ga ko tafiyar za ta gyaru. In ta gyaru, ana iya sa siririn bututu da ke kai ruwan zuwa ciki. Tafiya ta fi saurin dawowa, sai riƙon fitsari; mantuwa ce mai taurin kai, musamman in an makara. Tun ran gini ran zane.

Kafin nan, ki ajiye masa fo kusa da gado, a bar fitila a kunne, a riƙa tuna masa zagayawa duk bayan awa biyu ko uku. Ɗansa ya karɓi wani sashe na hidimar, ai ubansa ne. Ya kuma tambayo malami rangwamen da mai yoyon fitsari ke da shi wajen alwala, Baba ya koma sahu.

Ku kuma sauran masu karatu, kusan kowane gida akwai tsohon da ake yi wa tsaki a kan jiƙa tabarma. Kada ku sayo masa maganin tsayar da fitsari a kemis, wasunsu ƙara ruɗa tsofaffi suke yi. Ku lura da tafiyarsa, ku kai shi likita ya duba.