Gwalalo, 'Yan Baka Da Dakaru: Darasi A Kan Shiri Da Tawakkali

 Ya ku 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wani ɓangare na tarihi wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, watau yadda a ke shirya yaƙi a gaban gwalalo ko ganuwa. Idan aka ambaci yaƙoƙin Manzon Allah, abin da ya kan fara zuwa zukatanmu shi ne jarumtakar sahabbai da taimakon Allah, kuma duka biyun gaskiya ne. Amma akwai abu na uku wanda mu kan tsallake, shi ne shiri. Har ya zamana waɗansu daga cikinmu suna ɗaukan yawan shiri tamkar ƙarancin tawakkali ne, su kan jefa kansu da mabiyansu cikin halaka, sa'an nan su ce ƙaddara ce. To, bari mu duba mu ga ko haka tarihi ya koyar.

Mu fara da kalmar kanta. Abin da mu ke kira gwalalo, shi ne Larabawa su ke kira khandaƙ, kalmar kuwa asalinta daga harshen Farisa ta ke, domin Larabawan Hijaz ba su san wannan dabara ba a yaƙoƙinsu. Duk wanda ya taɓa zagaya ganuwar wani tsohon birni na ƙasar Hausa, ya ga ramin da ke bin gindinta daga waje, to, ya san siffar abin da mu ke magana a kai. Amfaninsa ɗaya ne: ya tsayar da mai kawo hari a fili, a daidai inda kibiyar mai tsaro za ta same shi.

A watan Shawwal na shekara ta 5 bayan Hijira, watau 627 ta Miladiyya, Ƙuraishawa a ƙarƙashin Abu Sufyan, da Gaɗafanawa da sauran ƙabilun da suka yi taron dangi, suka nufo Madina da mayaƙa kimanin 10,000. Musulmi kuwa ba su wuce 3,000 ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tara sahabbansa ya yi shawara da su, sai Salmanul Farisi ya kawo shawarar a haƙa gwalalo kamar yadda a ke yi a ƙasarsu. Abin lura a nan shi ne, ba a haƙa shi ya kewaye garin duka ba. Gabas da yammacin Madina akwai filayen baƙaƙen duwatsu masu kaifi waɗanda doki da raƙumi ba sa iya bi cikin sauƙi, kudu kuwa gonakin dabino ne da gidaje a cushe. Arewa ce kaɗai a buɗe, nan ne kuwa aka haƙa. An ruwaito cewa an raba aikin ne, kowane mutum goma aka yanka musu kamu arba'in, Manzon Allah da kansa yana haƙa yana ɗaukar ƙasa, ga sanyi ga yunwa. Aka kai mata da yara cikin gidaje masu katanga, rundunar ta ba dutsen Sal'u baya, ta fuskanci gwalalon.

Da rundunar taron dangi ta iso, sai ta ga abin da ba ta yi shirinsa ba. Ƙarfinsu yana ga dawaki, dawakin kuwa ba su da hanyar ƙetarawa. Ba su zo da abin cike rami ba, ba su zo da abin da zai kori masu tsaro daga bakinsa ba, sai dai harbin kibiya daga nesa, wanda a cikinsa ne aka sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu. Rana ɗaya waɗansu barade suka sami wuri mai ƙunci suka tsallaka da dawakinsu, cikinsu har da Amru ɗan Abdu Wuddu da Ikrima ɗan Abu Jahal. Amma fa sun tsallaka su kaɗai ne, babu dakaru a bayansu, babu kuma 'yan bakan da za su riƙe musu wurin. Sayyidina Aliyu da waɗansu sahabbai suka tare mashigar, Aliyu ya kashe Amru, sauran suka juya, ɗaya daga cikinsu, Naufal ɗan Abdullahi, ya faɗa cikin ramin ya halaka. Haka aka yi ta zaman jiran juna kusan wata guda, har Allah ya raba kan abokan gaba, ya kuma aiko musu da iska mai sanyi wadda ta tumɓuke tantunansu ta kife tukwanensu, kamar yadda Suratul Ahzab ta ba da labari. Musulmin da suka yi shahada a yaƙin nan duka ba su wuce kimanin shida ba.

Ka lura da jerin abubuwan nan, ya kai mai karatu. Shawara ce ta fara zuwa, sa'an nan nazarin ƙasa, sa'an nan aikin haƙa, sa'an nan tsaro dare da rana, kana taimakon Allah ya sauka a kan mutanen da suka riga suka yi abin da ke cikin ikonsu.

Wannan ke nan game da mai tsaro. To, mai kai hari fa? A ilmin yaƙi runduna ta kasu gida biyu: masu harbi daga nesa, da masu tafiya da ƙafa su kama wuri. Aikin na farko shi ne su danne abokin gaba, su hana shi ɗaga kai, har na biyu su isa gare shi. In ɗaya ya saki ɗan'uwansa, ko da na ɗan lokaci ne, to, an buɗe ƙofar masifa. Musulmi sun ɗanɗani wannan tun a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, inda aka ajiye 'yan baka hamsin a kan tudu a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, aka hore su kada su bar wurin ko da me suka gani. Da mafi yawansu suka sauka, sai Khalidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawaki ta baya, aka yi shahidai kimanin saba'in.

A shekara ta 8 bayan Hijira kuwa, bayan yaƙin Hunainu, Musulmi ne suka zama masu kai hari a Ɗa'ifa, birnin Saƙifawa mai ganuwa. Da farko sun sauka kusa da katanga, kibiyoyi suka yi musu ɓarna, sai Annabi ya ɗage sansanin zuwa inda kibiya ba ta kaiwa. Aka kafa manjaniƙ, watau wata babbar majaujawa ta katako mai jifa da manyan duwatsu, ita ce igwar wancan zamani. Aka kuma yi amfani da dabbaba, wata rumfa ce ta katako da aka lulluɓe da fata, mutane su kan shiga ƙarƙashinta su tura ta har gindin ganuwa domin su huda. Sai dai jifan manjaniƙ bai kori Saƙifawa daga kan katangarsu ba. Suka zubo gutsattsarin ƙarfe da aka gasa a wuta a kan rumfar, mutanen da ke ciki suka fito fili, kibiyoyi suka same su. Sahabbai goma sha biyu suka yi shahada a wannan zama. Da Manzon Allah ya ga haka sai ya yi umurni a tashi. Abin ya yi wa waɗansu nauyi, ya bar su suka sake gwadawa, suka dawo da raunuka, sa'an nan suka yarda. Bai ci gaba da tura mutane gindin katanga don kada a ce ya koma ba tare da nasara ba. A shekara ta 9 Saƙifawa suka zo Madina da ƙafarsu suka musulunta.

Domin mu gane girman wannan hukunci, yana da kyau mu dubi abin da ya faru a wata ƙasa dabam, bayan shekaru kusan 1,300, inda aka sami irin wannan matsala amma da makamai mafi muni. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, sojojin Jamus a gefe ɗaya, na Faransa da Ingila a ɗaya gefen, sun haƙa ramuka suna fuskantar juna tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tsawon fiye da mil 400. A gaban kowane rami akwai waya mai ƙaya, a bayanta kuma bindiga mai jigida. Bambancinsa da na Madina shi ne, a nan sojan cikin ramin ya ke zaune. Amma tambayar ba ta sake ba: ta yaya mai ƙafa zai ƙetare fili ya isa ga wanda ya fake?

A bakin Kogin Som na ƙasar Faransa, a shekarar 1916, rundunar Ingila a ƙarƙashin Janar Haig ta ɗauka cewa igwa kaɗai za ta gama aikin. Aka yi kwana bakwai ana ruwan wuta, aka harba harsasan igwa kimanin miliyan ɗaya da rabi. Amma Jamusawa sun shige ɗakunan da suka haƙa can ƙarƙashin ƙasa, harsasai da yawa ba su fashe ba, wayar nan mai ƙaya kuma a wurare da dama ba ta tsinke ba. Ran 1 ga Yuli, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, igwogi suka ɗage wutarsu zuwa can baya bisa ga lokacin da aka rubuta musu, dakaru suka fito daga ramukansu. Cikin 'yan mintocin nan da ke tsakanin ɗagewar wuta da isowar dakaru, Jamusawa suka fito suka kafa bindigoginsu. A wannan rana ɗaya Ingila ta yi hasarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga cikinsu matattu ne. Duk da haka aka ci gaba da yaƙin har watan Nuwamba. A cikinsa ne, a watan Satumba, aka fara fito da tankar yaƙi, wadda Larabawa har yau su ke kira dabbaba, sunan rumfar nan ta Ɗa'ifa, domin aikinsu ɗaya ne.

Maganin da masana yaƙi suka dogara da shi daga baya shi ne a ɗaure tafiyar dakaru da wutar igwa da agogo guda. Wutar ta riƙa faɗuwa gaba kaɗan da dakaru, tana matsawa suna bin ta, yadda mai tsaro ba zai sami damar ɗaga kai ba sai ya gan su a kansa. Haka sojojin Kanada suka yi a tudun Vimi ran 9 ga Afrilu 1917. Wutar tana matsawa yadi 100 a kowane minti uku. Kafin ranar sun yi makonni suna gwaji a filin da aka zana kamar na abokan gaba, aka raba taswira har ga ƙananan shugabanni, aka kuma gano inda mafi yawan igwogin Jamus su ke aka danne su. Cikin kwana huɗu suka kama tudun da ya gagari Faransawa a 1915. Duk da wannan shiri, mutum 3,598 suka mutu, domin yaƙi ko an ci nasara ba ya rasa makoki.

Abin da za mu ɗauka daga wannan duka, ya 'yan'uwa, abu uku ne. Na farko, shiri ɓangare ne na tawakkali. Babu wanda ya kai Manzon Allah dogara ga Ubangijinsa, amma ya haƙa rami, ya sa sulke, ya ajiye 'yan baka, ya kuma karɓi dabara daga Farisa ba tare da ya ce baƙuwa ce ba. Wanda ya ƙi koyon ilmi mai amfani don daga waje ya zo, to, ya sake duba labarin Salmanu. Na biyu, aikin jama'a ba ya yin kyau sai kowa ya tsaya inda aka ajiye shi har lokacin da aka yanka. Saukar 'yan baka a Uhudu da ɗagewar igwogi a Som ciwonsu iri ɗaya ne, watau an bar na gaba ba shi da mai kare shi. Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, rayukan mabiya amana ce a wuyan shugaba. A Ɗa'ifa an rasa mutum goma sha biyu aka tashi, a Som an rasa dubbai a safiya ɗaya aka ci gaba. Shugaban da ya ga hanyarsa ba ta ɓullewa, ya kuma nace a kanta don tsoron abin da mutane za su faɗa, ya sani za a tambaye shi.

Mafi yawanmu ba sojoji ba ne, kuma muna roƙon Allah kada ya nuna mana yaƙi. Amma kowannenmu yana da waɗanda ke ƙarƙashinsa: mai gida da iyalinsa, malami da almajiransa, direba da fasinjojinsa, mai mulki da talakawansa. Kafin ka ce wa mutane su bi ka, tambayi kanka ko ka yi shawara, ko ka auna hanya, ko ka tanadi abin da zai kare su, ko kuma kana da ƙarfin zuciyar da za ka ce a koma in ka ga ba daidai ba. In ka yi waɗannan, to, ka dogara ga Allah, shi ne mai ba da nasara ga wanda ya so.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba shugabanninmu tausayin mabiyansu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.