Darasi Kan Dokar Ƙwadago: Wa Ya Cancanci Kuɗin Ƙarin Lokacin Aiki?

A Ketu da kasuwar Mile 12 da ke birnin Ikko, manyan motocin tumatir da albasa da tattasai kan iso daga Arewa cikin dare, saboda haka akawun da ke rubuta lissafin kwanduna yakan wuce lokacin tashinsa. Haka nan a masana'antun Ikeja da Oregun, da kamfanonin abincin kaji na yankin Agege, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne rubuta littafin bayanin yadda ake sarrafa inji, ko takardar da ke nuna yadda ake amfani da kaya. Dukkansu biyu da alƙalami suke aiki, amma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba idan aka zo maganar kuɗin ƙarin lokaci.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ba ta ƙayyade yawan sa'o'in aiki na rana ba. Sashe na 13 ya bar wannan ga yarjejeniyar ma'aikaci da mai kamfani, ko yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla, ko kuma hukumar tsara albashi ta masana'antar. Duk sa'ar da aka buƙaci ma'aikaci ya yi a bayan wannan adadi, ita ce ƙarin lokaci. Sashen ya kuma tanadi hutun da bai gaza sa'a ɗaya ba ga wanda ya yi aikin sa'o'i 6 ko fiye a yini, da hutun sa'o'i 24 a jere cikin kowane kwana 7. Idan aka ci wannan hutu na mako, wajibi ne a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi da farashin ƙarin lokaci.

To amma wane ne ma'aikaci a idon wannan doka? Sashe na 91 ya ambaci mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu, sa'an nan ya cire masu aikin gudanarwa, da shugabanni, da masu aikin fasaha, da ƙwararru. Ke nan akawun Mile 12 yana cikin waɗanda dokar ta kare. Shi kuwa marubucin bayanan fasaha, wanda ke amfani da iliminsa na injiniya ko na kwamfuta wajen tsara littafin inji, ya fi kusa da rukunin da aka cire. Haƙƙinsa na ƙarin lokaci yana cikin takardar ɗaukarsa aiki da ƙa'idojin kamfanin. Abin da aka rubuta shi ne madogararsa. Sai dai 'yan kasuwa su lura: suna kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda aka laƙaba wa muƙamin marubucin fasaha alhali kwafe takardu da buga su kawai yake yi, yana da hujjar cewa shi akawu ne.

Dokar ba ta faɗi farashin sa'ar ƙari ba. A Amurka, dokar 1938 ta wajabta biyan ninki ɗaya da rabi bayan sa'o'i 40 a mako ga waɗanda ta shafa. Yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1919, ta sa ƙarin kashi ɗaya bisa huɗu a matsayin mafi ƙaranci. A Nijeriya sai abin da ɓangarorin biyu suka amince a kai.

Ga misali domin fahimta. A ce marubuci yana karɓar naira 176,000 a wata, yana aikin sa'o'i 8 a rana na kwana 22, wato sa'o'i 176. Kuɗin sa'arsa naira 1,000 ne. Idan takardarsa ta ce ninki ɗaya da rabi, kuma ya yi ƙarin sa'o'i 20 domin kammala littafin sabon inji, zai karɓi ƙarin naira 30,000. Idan takardar ta yi shiru, nan ne gardama ke tasowa.

Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara, kuma ƙofarta a buɗe take ga akawu da ƙwararre baki ɗaya. Sashe na 7 na dokar ya wajabta ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata 3 su wuce, sashe na 75 kuma ya wajabta ajiye bayanan albashi na shekara 3.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ya ɗauki akawu ko marubuci ya kamata ya rubuta sa'o'in aiki da farashin sa'ar ƙari a takarda, ya fayyace wanda ke da ikon ba da izinin ƙarin, ya kuma buɗe rajistar shiga da fita wadda ma'aikacin zai riƙa sa wa hannu a ƙarshen kowane mako.